Yadda Hannu Ke Faɗawa: Allo, Alƙalami da Ƙwarewar Rubutu a Ƙasar Gobir

Iya rubutu abubuwa biyu ne da aka saba kira da suna ɗaya. Akwai iya zana harafi ya fito sosai, da haɗa kalma bisa ƙa'ida. Akwai kuma iya tsara magana a takarda, yadda wanda ba ya wurin zai karanta ya gane nufin mai ita ba tare da ya nemi ƙarin bayani ba. Babu ɗayansu da ake haifar mutum da shi. Yaro yakan koyi magana da kansa muddin yana cikin mutane, amma rubutu sai an zaunar da shi, ya yi ya sake yi, ana dubawa ana gyarawa, har hannunsa ya faɗa. Malaman ilimin koyarwa na zamani sun yi bincike mai yawa a kan wannan. Sai dai tun kafin bincikensu ya iso, makarantar allo ta garuruwan gabashin Sakkwato, irin su Isa da Bafarawa da Sabon Birni, a kan wannan ka'ida take tafiya.

Allo da wankinsa

Kayan aikin ba su da yawa: allon itace, alƙalamin da aka fere daga kara ko gamba, da kurtun tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro. Abin da ya sa aka riƙe allo a da a bayyane yake. Takarda tsada gare ta. Mai yawa daga cikin wadda aka yi amfani da ita a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 daga arewacin Italiya ta fito, mai tambarin jinjirin wata uku, ta ratso sahara a bayan raƙuma. Irin wannan takarda ba a ba yaro ya ɓata. Allo kuwa in an gama da abin da ke kansa sai a wanke, a shanya, a sake rubutawa.

Wannan wanki shi ne babban sirrin abin. Ɗan koyo yana bukatar wurin da kuskure ba ya da tsada, domin wanda ke tsoron ɓata takarda ba ya sakin hannu. A kan allo, harafin da ya karkace yau ruwa zai tafi da shi, gobe a sake gwadawa.

Tsarin ma hawa-hawa ne. Ana fara wa yaro da babbaƙu, wato haruffa ba wasali, kowane da sunansa na Hausa da ke bayyana siffarsa, irin su ta kuri da lam jaye. Daga nan sai farfaru, inda wasulla ke shigowa, sannan haɗa gaɓoɓi, sannan karatu sosai. A farkon tafiya malam ko wani babban almajiri ne ke rubuta wa yaro allonsa, shi nasa kallo da biyawa. Idonsa ya daɗe yana shan siffar harafin kafin a ce ya ɗauki alƙalami. In lokaci ya yi sai ya fara kwafa da kansa yana duba Alƙur'ani, ya kai wa malam ya duba. Ɗigo ɗaya in ya ɓata wuri sai an nuna masa, kuma a wannan rubutu ɗigo ba abin wasa ba ne: a salon Magariba da ake rubuta ruwayar Warshu da shi a ƙasar Hausa, harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama, saɓanin yadda suke a bugun ƙasashen gabas. Ana yin haka daga Asabar zuwa Laraba, a huta Alhamis da Juma'a, shekara da shekaru.

Ƙarshen wannan hanya shi ne alarammomin da ke rubuta izu sittin da ka. Kafin mutum ya kai nan ya cika allo ya wanke sau ba adadi, yana kai shi darasu, inda ake bin rubutunsa harafi-harafi a gaban 'yan'uwansa. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan Alƙur'ani na hannu, mai warwatsattsun takardu a cikin gafaka, zai lura cewa shafin farko da na ƙarshe kusan hannu ɗaya ne, girman harafi bai sauya ba, layi bai gangara ba. Marigayi Sharu Bala na Gabari a Kano, wanda aka buga rubutun hannunsa aka baza a kasuwanni, ya shahara ne da irin wannan daidaito.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Dalilin da ya sa maimaici ke aiki yana da alaƙa da ƙarancin abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda. Ɗan koyo in zai rubuta jimla, duk hankalinsa na kan yadda zai lanƙwasa harafi da inda zai ɗora wasali. Kafin ya kai ƙarshen layi ya manta abin da ya so faɗa. In hannu ya saba, harafi na fita ba tare da an yi tunaninsa ba, sai hankali ya samu sararin komawa kan ma'ana. Shi ya sa yaron da rubutun hannunsa ke masa wuya sau da yawa insha'insa ma yakan fito gajere kuma a dagule, ko da kuwa in aka tambaye shi da baki zai kwararo bayani.

A shekarar 2012 wata mai bincike a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Karin James, ta gwada yara ƙanana da ba su fara karatu ba. Yaran sun zana wasu haruffa da hannunsu, sun bi sawun ɗige-ɗigen wasu, sun danna wasu a kwamfuta. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon haruffan, sai aka ga sassan da ke aikin karatu sun fi motsawa bayan zanawa da hannu. Ke nan hannu na koya wa ido.

Yawan lokacin da aka ɗauka a zama ɗaya ma bai kai yawan dawowa muhimmanci ba. Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus, wanda ya yi gwajin hadda da mantuwa a kan kansa ya buga sakamakon a 1885, ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a farko, kuma maimaicin da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka cusa a yini ɗaya zama. Malamin allo bai san sunan Ebbinghaus ba, amma ba zai yarda yaro ya tara karatun mako ya yi shi ranar Laraba ba.

Sai kuma batun irin maimaicin. A 1993 Anders Ericsson da abokan aikinsa suka binciki ɗaliban wata makarantar kiɗa a Balin, suka ga waɗanda suka fi ƙwarewa sun fi sauran tara awannin atisaye, kusan awa 10,000 kafin su cika shekara 20. Wannan adadi ya bazu a duniya bayan littafin Malcolm Gladwell na 2008, har mutane suka ɗauka tamkar farashi ne: ka biya awa dubu goma, a ba ka ƙwarewa. Ericsson da kansa bai yarda da wannan fahimta ba. Abin da ya jaddada shi ne atisayen da ke da manufa, wanda mutum ke fuskantar daidai inda yake da rauni, kuma akwai wanda ke gaya masa nan take in ya kauce. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa atisaye ba shi kaɗai ke bambanta mutane ba, baiwa da yanayi na da nasu rabo. Amma babu binciken da ya nuna wani ya ƙware ba tare da shi ba. Mai maimaita kuskure ba mai gyara masa, shi ma yana ƙwarewa, sai dai a kan kuskuren.

Daga kwafa zuwa tsara magana

Allo na da iyakarsa, kuma gara a faɗe ta. Kwafar nassin da ba a sauya masa ko wasali tana horar da hannu da ido da hadda, amma ba ta koya wa mutum yadda zai jera tunaninsa. Akwai masu kyakkyawan hannu da in aka ce su rubuta wasiƙar neman aiki ko ta sulhu sai su tsaya cak. Wannan fasaha ta biyu tata hanyar daban, kuma ƙasar Gobir ta ga misalinta mafi girma.

Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, kufansa na yankin Sabon Birni na yau. Mutanen da suka yi gwagwarmaya da sarakunan Gobir har birnin ya faɗi marubuta ne kafin su zama mayaƙa. Ana danganta wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo littattafai sama da 100. Ƙanensa Abdullahi ya bar tafsiri da littattafan nahawu da shari'a da waƙoƙi, Muhammadu Bello ɗan Shehu ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, 'yar Shehu Nana Asma'u kuwa ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mutane sukan ɗora wannan duka a kan baiwa da albarka, kuma ba a musun su. Amma in aka dubi yadda suka tashi, za a ga horo na yau da gobe. Ɗalibin ilimi a wancan zamani littafin da zai karanta sai ya kwafe shi da hannunsa, domin babu na sayarwa. Yana kwafa yana shan salon mai littafin, jimla bayan jimla. In malam na fassara, ɗalibi na cusa bayani tsakanin layuka da gefen takarda, wanda shi ne matakin farko na faɗin abu da kalmominsa. Daga nan sai taƙaita littafi mai tsawo, ko mayar da zube waƙa don sauƙin hadda.

Tahamisi ma ya cancanci a tsaya a kansa. Mawaƙi kan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ƙara masa uku, ya zama biyar, ba tare da ya karya kari ko amsa-amo ba, kuma ma'ana ta tafi daidai kamar baki ɗaya ya faɗa. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ta bi irin wannan hanya: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Su don karantarwa suka yi, amma da wuya a samu horon da ya fi wannan matse marubuci, tunda tilas ne ya shiga salon wanda ya fi shi ya zauna a ciki ba tare da an ga ɗinki ba. Ga kuma wasiƙu. Musayar hujjoji tsakanin Bello da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno, wadda Bello ya kawo a cikin Infaƙu, rubutu ne da aka san abokin hamayya mai kaifin basira zai bi shi kalma-kalma. Wanda ya san haka ba ya sakaci da jimla.

Boko da gyaran edita

Da rubutun boko ya shigo, ka'idar ba ta sauya ba. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22, an ɗauko shi daga koyarwa a Katsina zuwa Zariya a 1936, ya zauna yana rubuta Magana Jari Ce, East na bin abin da ya rubuta suna tattaunawa ana gyarawa. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 ya zama editanta na Hausa, ya yi fiye da shekara goma a kai. Aikin jarida ba ya jiran sai ilhami ya sauko. Ranar fita in ta zo dole shafi ya cika, kuma masu karatu na aiko da wasiƙu in ba su gamsu ba. Sauƙin Hausar Imam da ake yabo, wadda mai karatu ke ji kamar hira ce, a irin wannan matsi ta gogu.

Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya nuna ɗaya fuskar. Magidanta da yawa sun shiga aji sun koyi haɗa baƙi har sun karɓi takardar shaida, amma masu shirin sun san wanda ba ya da abin karantawa ko dalilin rubutawa zai koma gidan jiya. Shi ya sa hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna. Ta lardin Sakkwato ita ce Zaruma.

Harshen gida da Hausar takarda

Ɗalibin Isa ko Sabon Birni na da wani ƙarin aiki da takwaransa na Kano bai cika ji ba. Daidaitacciyar Hausa, wadda ake rubuta littattafai da jarrabawa da ita, ta fi kusa da karin Kano. Shi kuwa a gida cewa yake shina, wanga, biyat, tahi, hwaɗi, a inda takarda ke son yana, wannan, biyar, tafi, faɗi. Karin nasa ba kuskure ba ne, tsohuwar Hausa ce mai ƙarfi, wadda Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya yi waƙoƙinsa da ita. Amma mai rubutu na bukatar ya mallaki duka biyun ya san inda kowanne ke shiga, kuma hakan ba ya samuwa da haddace jerin kalmomi a daren jarrabawa. Sai ido ya saba da ganin daidaitacciyar a shafi, hannu ya saba da fitar da ita. In an tsallaka iyaka zuwa Tsibiri da Maraɗi, inda Gobirawa 'yan'uwansu suke, akwai ƙarin bambanci: bokon can na Faransanci ne, kuma duk da taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980, har yanzu Nijar na rubuta ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Kurakuran da suka fi yawa a rubutun Hausa na yau sanannu ne, kuma duk na rashin sabo ne. Ana yar da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ. Ana manne wakilin suna da aikatau a rubuta yazo maimakon ya zo, sannan a raba abin da ya kamata a haɗa, a rubuta ya na maimakon yana, ko rigar sa maimakon rigarsa. Mutum na iya sanin ka'idar sarai ya ci gaba da karya ta, domin sani a kai yake, kuskuren kuwa a hannu.

A nan ne wayar hannu ta zama abin mamaki. Ba a taɓa yin zamanin da Hausawa ke rubuta Hausa da yawa kamar yanzu ba, a WhatsApp da Facebook, daga safe har dare. Ta fuskar yawa, atisaye ya wadata. Abin da babu shi ne darasu. Ba mai cewa wannan kalma ba haka take ba, saƙo in an gane shi ya wuce. Don haka ana samun saurin yatsa, ka'ida kuwa tana nan inda take. Marubutan littattafan soyayya na Kano da suka taso a shekarun 1980 sun fuskanci irin wannan, tunda yawancinsu da kansu suke buga littattafansu ba edita. Kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama ya ba su wurin da marubuci zai haɗu da 'yan'uwansa a ga aikin juna.

Yadda ake yi a aikace

Abin da duk waɗannan misalai ke nunawa ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Sakin layi ɗaya kullum ya fi shafi goma sau ɗaya a wata. Abin rubutawa kuma gara ya zama wanda mutum ya sani da idonsa: yadda ake dashen albasa a fadamar Rima, yadda cinikin dabbobi ke gudana ranar kasuwa, abin da liman ya faɗa a huɗuba. Mai rubuta abin da ya sani yana fama da matsala ɗaya ce, ta yadda zai faɗa. Mai rubuta abin da bai sani ba yana fama da biyu.

Kwafar shafi daga marubucin kirki, wadda wasu malaman zamani ke rainawa, tana da amfani in an yi ta da lura, haka ma shifta. Karanta abin da aka rubuta da babbar murya na tona jimlar da ta yi tsawo ko ta rasa kai, domin kunnen Bahaushe ya riga idonsa ƙwarewa a harshen. Ajiye rubutu ya kwana kafin a sake duba shi na sa mai shi ya gan shi kamar na wani. Gyara kuwa ya fi kama jiki in an ɗauki abu ɗaya a lokaci guda. Malamin da ya cika shafin yaro da jan biro daga sama har ƙasa ya gajiyar da kansa, yaron kuma bai san ta inda zai fara ba. In aka ce wannan mako rabon kalma kawai za a duba, mako mai zuwa alamar tsayawa, an fi ganin sauyi. A ajin da yara suka yi wa malami yawa, dabarar tsangaya na nan: wanda ya ɗan yi gaba ya duba wa na bayansa, malami ya duba na manyan.

Babban abokin gaban wannan fasaha shi ne yankewa. A 'yan shekarun nan hare-haren 'yan bindiga a yankin Isa da Sabon Birni sun tashi ƙauyuka, sun rufe makarantu, sun kora iyalai da dama zuwa cikin gari ko jihar Maraɗi. Yaron da ya yi watanni bai riƙe alƙalami ba yakan dawo hannunsa ya yi nauyi, ka'idojin da bai gama kamawa ba sun zube. Abin da ya fi saurin tafiya shi ne wanda aka koya daga baya-bayan nan, wanda bai samu maimaici ba. Sai dai gwajin Ebbinghaus ya nuna wani abu kuma: abin da aka taɓa koya, ko da mutum na jin ya manta shi sarai, sake koyonsa ba ya cin lokacin da na farko ya ci. Don haka malamin da ya karɓi irin waɗannan yara ba sai ya mayar da su babbaƙu ko a b c ba. Gwaji kaɗan zai nuna masa inda kowanne ya tsaya, daga nan a ɗora, da rubutu gajere kullum har hannun ya sake sakewa.